Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Gidan Makama da Makomar Fasahar Hannun Mutanenmu

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, da Kwamishinan da ke riƙe da sha'anin al'adu a Jihar Kano, da takwarorinsa na sauran jihohin arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka danƙa muku, ya sa ku gama da ita lafiya.

Ni tsohon malamin zane ne da ya yi shekarun aikinsa a makarantun sakandare na Kano har ya ajiye alli. Na rubuta wannan wasiƙa ne da yawun abokan aikina malaman zane, da kuma masu sana'ar hannu da na daɗe ina zama a rumfunansu: maɗinka riguna da huluna, marina da mabuga, dukawa, magina, malamai masu zayyana, mata masu saƙar faifai da zanen ƙwarya, da samari da 'yan matan da suka karanta zane a jami'a suka dawo gida da takardar shaida amma ba su da bangon da za su rataye aikinsu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu hotuna da wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya turo mini ta waya. A watan Oktoba na 2025 gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan ya buɗe babban baje koli na fasahar zamani ta Najeriya, kuma cikin abubuwan da aka jera akwai tukwanen Ladi Kwali da ayyukan waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Na yi farin ciki ƙwarai, amma farin cikin bai je ko'ina ba sai tambaya ta biyo bayansa: yaron da aka haifa a Fagge ko Gwale ko Ɗambatta, a ina zai tsaya ya kalli irin waɗannan ayyuka da idonsa? A Suleja Ladi Kwali ta yi aikinta, a Zariya aka horar da waɗancan masu zane, garin da mutum zai bar Kano da hantsi ya yi sallar azahar a cikinsa, amma ga shi sai mai fasfo da kuɗin jirgi ne zai gan su a jere wuri guda.

Na kafa maganata a kan Gidan Makama, gidan tarihi na birnin Kano, saboda shi na fi sani, kuma saboda ginin kansa aikin fasaha ne tun kafin a saka komai a cikinsa. Gida ne da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, Turawa suka mai da shi ofis bayan sun ci birnin a 1903, kuma har yau duk wanda ya shiga zaurukansa ya ɗaga kai ya dubi yadda aka jera azara aka ɗaura rufi zai yarda cewa magina na wancan zamani sun san lissafin nauyi da faɗi tun siminti bai iso ƙasar nan ba. Ma'aikatan da na sani a gidajen tarihi na arewa mutane ne masu haƙuri da son aikinsu, da yawansu kuma suna yin abin da ya fi ƙarfin albashinsu. Kokena yana kan tsari da kasafin kuɗi da niyya, waɗannan kuwa a hannunku suke.

Koke na farko shi ne cewa gidajen tarihinmu sun tsaya a kan tunanin cewa fasahar mutanenmu ta ƙare ranar da Bature ya shigo. Ana jera kaya sau ɗaya, a rufe gilashi, a bar su shekara da shekaru. Akwai wani gidan tarihi a wata jiha da na kai ɗalibai farkon kama aikina, na sake komawa da jikokina bayan na yi ritaya, na tarar da sirdin nan da takobin nan da ƙwaryar nan a gurbin da na bar su, sai dai takardun bayanin sun yi ja saboda tsufa. Illar wannan a fili take. Wanda ya zo sau ɗaya ba shi da dalilin dawowa, idan baƙi suka ragu kuɗin shiga ya ragu, sai kuma a kafa hujja da ƙarancin baƙi a ƙara tsuke kasafin gidan, a ce ai mutanenmu ba su damu da irin waɗannan wurare ba. Mutanen da suke cika titunan Kano maƙil don kallon Hawan Daushe, suna bambance lifidi da sulke, suna gane ɗinkin wace unguwa ce a jikin alkyabba, ba za a ce ba su damu da kyan aikin hannu ba.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne arewa ce ta raini fasahar zamani ta ƙasar nan. Tun 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka yi kira da a daina kwaikwayon Turai ido rufe, a haɗa dabarun zamani da gadon gida, kuma a can Gani Odutokun ya koyar har rasuwarsa a 1995. Kimanin shekara 70 ke nan ana horar da masu zane a Zariya, ban da waɗanda ake yayewa a kwalejojin ilimi da na fasaha a jihohinmu. Amma kasuwar zane da manyan zaurukan baje koli suna Legas da Abuja, kuma sababbin gidajen fasaha irin na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 can suke tashi. Sakamakon haka, mai baiwa a cikin yaranmu ko dai ya tattara ya yi kudu, ko ya koma rubuta allon shago da zana fuskokin 'yan takara lokacin zaɓe. Ina da ɗalibar da ban taɓa koyar da wanda ya fi ta iya haɗa launi ba, ta gama jami'a ta yi shekaru tana neman zauren da za ta nuna zane goma sha biyu, ƙarshenta a barandar gidansu ta jera su, ta ɗauki hoto ta saka a Instagram, yanzu kuma ta bar zanen gaba ɗaya.

Koke na biyu ya shafi suna. Wata shekara na kai 'yan ajina wani gidan tarihi, muka tsaya gaban wata babbar riga mai aska takwas. Takardar da ke jikin akwatin, da Turanci, ba ta faɗi komai ba illa cewa rigar Hausawa ce. Wata yarinya da kakanta maɗinki ne ta juyo ta ce, "Malam, wa ya ɗinka ta?" Ni ban da amsa, wanda yake zagayawa da mu ma ba shi da ita, domin wanda ya karɓi rigar tun farko bai rubuta ba. Yarinyar ta san abin da takardar ba ta sani ba, wato riga irin wannan ba ta fita daga hannu ɗaya. Akwai matar da ta kaɗa zaren, da masaƙin da ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, da marinin da ya tsoma a karofi, da wanda ya haɗa ƙwaryoyin suka zama riga, da malamin da ya zana fasalin ɗinkin a kan aljihu da wuya, da maɗinkin da ya zauna watanni yana bin zanen da zaren tsamiya, sannan mabugin da ya fito da ƙyallinta. Saƙi daban, barage daban, tsamiya daban, kuma aska biyu ba aska takwas ba ce a daraja ko a farashi. Duk wannan ilimi, da duk waɗannan mutane, an dunƙule su cikin kalma biyu.

Inda aka riƙe suna kuwa mun ga abin da ya haifar. Saboda an riƙe sunan Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, masu nazarin gini suna bin sawun aikinsa har Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, kuma an gina kwatankwacin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Mata masu ginin tukwane suna da yawa a ƙasar Gbagyi, amma Ladi Kwali ce take bayan takardar naira 20, domin tun da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a 1954 aikinta yake tafiya tare da sunanta. Gidan tarihin da yake nuna aiki ya ɓoye mai shi yana koya wa yaro cewa sana'ar ubansa ba ta kai a ambaci mai yin ta ba, daga nan kuma ba wanda zai yi mamaki idan yaron ya ƙi gadonta.

Harshen bayanin ma abin dubawa ne. Mafi yawan waɗanda ke zaune kewaye da gidajen tarihinmu da Hausa suke tunani, wasu da boko suke karanta ta, wasu da ajami, ajamin da har yau yake jikin takardar naira dubu. Bayanin da aka rubuta da Turanci kaɗai yana gaya wa malamin tsangaya da dattijuwar da ta zo da jikokinta cewa an yi wurin ne don baƙi.

Koke na uku shi ne ba a tarawa. Gidan tarihin da ya daina karɓar sabon kaya ya yanke hulɗa da zamaninsa, kuma abin da ba a tara yau ba, gobe ko da kuɗi ba za a same shi ba. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi suna wajen zana fasalin ɗinki, yana da jakar fata cike da takardun zanen da ya gada daga mahaifinsa da waɗanda ya ƙirƙira da kansa. Da ya rasu, 'ya'yansa suka so su ba da jakar da wata rigar da bai ƙarasa ba a ajiye don tarihi. Na raka babban ɗansa wani ofis, aka karɓe mu da mutunci, amma aka ce babu tsarin karɓar kyauta daga hannun jama'a kuma babu wurin ajiya, a dawo wani lokaci. Bayan wata biyu wani dillali mai sayar wa baƙi kayan gargajiya ya saye duka a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Tun 1976 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan, ya tattara riguna da wanduna da kayan fata da allunan zayyana ya nuna wa duniya. Kusan shekara 50 bayan haka, ya kamata a ce irin wannan baje koli ya zama abin da ake yi a Kano a kai a kai.

Ina roƙon ku dubi abin da yake ɓacewa a gaban idonmu. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma garin Kura ya yi suna da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. A yau karofin Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarsu da 1498, kaɗan ne daga cikinsu ake aiki a ciki. Gidajen ƙasa masu zanko da ado a fuska ana rushe su kullum ana ɗora bulo, kuma zanen da ke jikinsu yana tafiya da su ba tare da ko hoto ba. Masu zanen bayan manyan motoci, waɗanda suka cika hanyoyinmu da zakoki da dawaki da karin magana, takardar roba da injin bugawa sun kusa raba su da sana'a. Fasahar mata ta fi kowace shiga haɗari, domin a cikin gida ake yin ta kuma ba a ɗauke ta abin ajiyewa ba: faifai mai launi, da ƙwaryar da aka zana da wuta, da ɗinkin zanen gado, da jeren langa da samira da uwa ke tsara wa 'yarta a ɗakin aure, wanda shi kansa baje koli ne mai ƙa'idojinsa. Idan gidajen tarihinmu ba su sayi waɗannan daga hannun masu yin su yanzu da suke raye ba, su rubuta sunansu da garinsu da shekarar da suka yi aikin, jikokinmu za su je neman su a ɗakunan ajiya na Turai.

Koke na huɗu shi ne lafiyar abin da yake hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kun fi ni sanin halin da ɗakunan ajiya suke ciki, amma zan faɗi abin da kowane magini ya sani. Ginin ƙasa yana rayuwa ɗaruruwan shekaru idan ana yi masa yaɓe kafin damina, ana share indararo, ana duba azara saboda gara. Idan aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwan Agusta zai sami hanya. Idan kuma aka kawo ɗan kwangilar da bai san ginin ƙasa ba ya shafe bangon da siminti, danshi yana taruwa a ciki har wata rana fuskar bangon ta ɓalle gaba ɗaya. Kayan da ke ciki su ma suna da abokan gaba: asu yana cin tufa, gara tana cin itace da takarda, ƙurar hunturu tana busar da fata har ta tsattsage, hasken rana kai tsaye yana kashe shuni. Na taɓa shiga wani gidan tarihi da damina na tarar da bokiti a tsakar zaure yana tarar ruwa, taku kaɗan daga wasu tsofaffin tumtum na fata, babu wuta, mai gadi yana haska mana kayan da fitilar wayarsa. Kuɗin da zai gyara wannan rufi bai kai na taro ɗaya a otal ba.

Wannan ya kai ni ga batun rajista, domin kayan da ba a ɗauki hotonsa an ba shi lamba ba, idan ya ɓata babu hujjar da za a nema shi da ita. Arewa ta ɗanɗana wannan. Tun da masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu na Nok, wani ƙauye da ke Jihar Kaduna ta yanzu, a 1928, kuma Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 don adana su, ɓarayin kayan tarihi ba su huta ba. Haƙar ɓoye ta yi yawa har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta saka kayan yumɓu na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin abubuwan da ke cikin haɗari a shekarar 2000, duk da cewa dokar 1979 da ta kafa hukumarku ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Mun yi murna da Jamus ta amince a 2022 ta mayar da mallakar kayan tarihin Masarautar Benin fiye da 1,000, kuma Holan ta dawo da guda 119 a 2025, muna kuma yaba wa hukumar a kan wannan ƙoƙari. Amma akwai riguna da sirada da makamai da rubuce-rubucen ƙasar Hausa a gidajen tarihi na Ingila da Jamus da Faransa, wasu saye aka yi, wasu kuwa an kwashe su ne lokacin yaƙin 1903 da bayansa. Kafin mu buɗe baki mu nemi a dawo da ko ɗaya, dole mu iya nuna ɗakin da ba ya yoyo da kundin da ba ya ɓata.

Akwai wata magana da ake yi a bayan fage wadda ya kamata a fito da ita fili. Wasu iyaye ba sa barin 'ya'yansu su je gidan tarihi saboda suna ganin wurin gumaka ne. Ni Musulmi ne, na fahimci inda damuwar ta fito, kuma ba na ganin za a magance ta da raina masu ita. Alƙur'ani mai girma ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma kan yumɓu na Nok da ke cikin gilashi shaida ce ta mutanen da suka zauna a ƙasar nan suka narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kamar yadda kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙar rijiya a ƙasar Yobe ya nuna ana sassaƙa jirgi a nan tun kimanin shekara 8,000. Ban da haka, mafi girman fasaharmu ta rubutu ce da siffofi da launi: zayyanar Alƙur'ani, allon sauka, dagi, adon masallaci. Da a ce gidajen tarihinmu suna gayyatar alarammomi masu rubutu su nuna aikinsu, su bayyana yadda ake haɗa tawada da yadda ake feƙe alƙalami, da iyayen da suke hana 'ya'yansu zuwa su ne za su riƙo hannunsu su kawo su.

Abu na ƙarshe cikin koke-koken shi ne rarrabuwar alhaki. Gidan Makama na hukumar tarayya ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Fasahar zamani kuma an ba da ita ga wata hukumar tarayya daban da aka kafa a 1993. Mai zanen da ke neman zaure yana iya yawo tsakanin ukun kowa yana ganin aikin na ɗayan ne, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon hukumar tarayya da gwamnatin Jihar Kano su zauna su ware zaure guda, a Gidan Makama ko a Gidan Ɗan Hausa, wanda aikinsa kawai baje koli mai sauyawa, a fitar da jadawalinsa tun farkon shekara, a riƙa sauya abin da ke ciki aƙalla sau biyu a shekara, kuma a bayyana a rubuce yadda mai zane ko mai sana'a zai nemi a nuna aikinsa ba sai ya san wani ba. Tun da hukumar UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, babu abin da ya fi dacewa a fara da shi irin baje kolin kayan doki a makon Sallah, lokacin da birnin yake cike da baƙi: sirdi da linzami da likkafa da jalala da lifidi, kowanne da sunan baduku ko maƙerin da ya yi shi, shi kansa kuma yana zaune a wurin yana amsa tambaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a maƙwabtanmu, domin gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya daɗe da ba masu sana'a rumfuna a harabarsa suna aiki baƙi suna kallo suna saye.

Muna roƙon a saka wani kaso a kasafin kowace shekara, komai ƙanƙantarsa, don sayen aiki kai tsaye daga hannun masu yin sa, rabi na gargajiya rabi na zamani, a tabbatar mata suna ciki, kuma a samar da takardar karɓar kyauta mai sauƙi wadda iyali za su cika su sami shaidar cewa an karɓi kayan mahaifinsu da sunansa. Muna roƙon a sake rubuta takardun bayani da Hausa, boko da ajami, tare da Turanci, a nemi tsofaffin maɗinka da marina da dukawa su zo su dubi kayan da ke ajiye su faɗi sunan kowane ɗinki da garin da ya fito tun suna da rai. Muna roƙon a ɗauki hoton kowane abu a ba shi lamba, a ajiye kwafin kundin a wuri fiye da ɗaya, a saka abin da ya dace a intanet, a kuma ɗora wa wasu daga cikin masananmu aikin tattara jerin kayan ƙasar Hausa da ke gidajen tarihi na waje.

Game da gini, muna roƙon a ɗauki magina na gargajiya aiki na dindindin ƙarƙashin jagorancin Sarkin Magina, su riƙa yaɓe da duba rufi kowace bazara, a kafa wutar sola don zauruka da ɗakunan ajiya. Muna kuma roƙon a buɗe hanyar aro tsakanin gidajen tarihi na Jos da Kaduna da Katsina da Kano da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, yadda abin da ya daɗe a ɗakin ajiya a wani gari zai fito ya zagaya sauran garuruwan, yaron Kano ya ga tukunyar Ladi Kwali da kan Nok, yaron Jos ya ga allon zayyana da rigar saƙi. Ga kwamishinoni kuwa, muna roƙon ku haɗa kai da ma'aikatun ilimi a ware rana guda a mako da ɗaliban makarantun gwamnati da na allo za su shiga kyauta, domin gani ya kori ji, kuma darasin da na yi zango guda ina zanawa a allo yara sukan gane shi cikin awa ɗaya idan suka tsaya gaban abin da kansa.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Malaman zane da na yi magana da su a shirye suke su fassara takardun bayani ba tare da an biya su ba, masu ajami a cikinmu za su rubuta nasu, kuma masu sana'a da dama sun ce za su ba da aron kayansu don baje koli na farko. Muna jiran ku wakilta wanda za mu zauna da shi, muna kuma roƙon a fara duba rufi kafin ruwan farko ya sauka, a sanar da ranar buɗe zauren kafin Babbar Sallah mai zuwa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin zane, birnin Kano.